Kunnen Aro

Motar albasa ta iso daga Marwa da la'asar sakaliya,
ƙafarta ta gaba na kuka kamar ɗan akuya a turke.
Nasuru direba ya diro da rantsuwa a baki:
"Tun Figil take fizga ta hagu,
na danne sitiyari har kafaɗata ta ƙage,
ga wari kamar ana babbakar kofato."

Maigidana Hammadikko bai ji rabin zancen ba.
Shekara talatin da huɗu a Garwa, gab da gadar Binuwai,
guduma ta cinye masa kunnen dama,
na hagun ma saura ƙiris.
Ba ya faɗa, mu ma ba mu taɓa faɗa ba.

Ya zaga motar yana kai bayan hannu ga kowace ƙafa
kamar uwa mai auna zazzaɓin goyo.
Uku lafiya lau. Ta huɗu ta sa ya janye.
Ya tofa yawu a ƙarfen, nan take ya ƙafe.
"Sali, ku tura ta, ka gaya mini abin da ta ce."

Ni ne kunnensa tun bara.
Shi ya koya mini yaren tun yana ji:
tsuwa siririya in an taka, fatar birki ta kusa ƙarewa;
ƙwas-ƙwas a kan gargada, wani noti ya yi sako-sako;
gurnani kuwa, ƙarfe ya cim ma ƙarfe, an makara.
Amma in tana kuka ba wanda ya taɓa ta,
wani abu ne ya kama ya ƙi saki.

"Baba, ba a taka ba take kuka."
Ya karanta leɓena, ya gyaɗa kai.

Jak ya ɗaga, noti biyar suka kwanta a murfin gwangwani.
Faifan ya yi shuɗi don azaba,
kalifa ya shaƙe shi shaƙar mai bin bashi.
Fatar ciki ta suɗe har ƙashi,
ta waje kamar jiya aka ɗaura ta.
"Aikin mutum biyu," in ji shi, "ɗaya ke yi."

Nasuru ya ce a canza fata kawai, dare na yi.
Baba ya ci gaba da kwance-kwancensa.
Wannan karon ban sani ba ko bai ji ba ne.

Ya matsa fistin, ya koma salin-alin, ba laifinsa.
Sai ga ɓarawon: fil ɗin da kalifa ke zamiya a kai,
robarsa ta yage, ruwan damina ya kwana ciki,
tsatsa ta ɗaure shi tamau.
Muka jiƙa shi da kananzir, muka lallaɓa, muka murɗa,
ya fito ja wur kamar an tsoma shi a manja.
Na goge shi har ya ɗauki ido,
giris kaɗan, sabuwar roba,
sabuwar fata hagu da dama, don ba a yi wa ƙafa ɗaya takalmi.

Man birkin ya dahu, ya yi baƙi kamar shayin jiya.
Na hau kujera, shi yana ƙasa da sifana da kwalba.
"Taka! Riƙe!"
In na riƙe sai in buga ƙofa sau biyu,
tafinsa na jikin bodi, ta nan amsata ke isa gare shi.
Kumfa ta fita, ta fita, ta daina.
Feda ta yi tauri a ƙarƙashin ƙafata.

Muka kai ta bakin gada muka dawo, ana kiran magariba.
Yana tsaye yana goge hannu da tsumma.
"Me ta ce?"
"Ba ta ce komai ba, Baba."
Ya yi dariya har haƙorin gwal ya fito.
"Wannan kam," ya ce, "ni ma na ji."