Iskar da Ke Cikin Kifi

Ƙarfe biyun dare a Dundee.
Kogin Tay ya yi baƙi ƙirin, gada ta miƙe a kansa tana barci.
Ni kaɗai ce a hawa na uku,
sai firji mai gurnani,
sai allura biyu, ƙarama a cikin babba.

Ta ciki tana hura iska,
ta waje tana tsiyayar da ruwan maiƙo,
su haɗu a baki su zama ɗigo,
ɗigon ya yi nauyi, ya yi lilo, ya ƙi faɗuwa.

Sai in murɗa wuta.
Bolt dubu huɗu: yana ɗiga kamar famfon da ya gaji.
Dubu bakwai: ya kama rawar ɗari.
Dubu tara da ɗari biyu,
nan ne, Ishbel, riƙe numfashinki,
ɗigon ya tsuke baki, ya yi tsini,
wani zare siriri ya fito daga tsinin
ya tsinke, ya tsinke, ya tsinke,
kowane gutsure kumfa ce,
babbar cikinsu ba ta kai ƙwayar jini ba.

A kwalba sai ka ce madarar da aka tsinka da ruwa.
A ƙarƙashin madubi kuwa, gari guda ne,
kowace da rigarta ta maiƙo, kowace da cikinta na iska.
Ina so su zo kai ɗaya.
Ina so su kwana.
Shekara huɗu ke nan ina roƙonsu abu biyun nan.

Babana, Murdo Cargill,
shekara talatin da ɗaya yana fita teku daga Arbroath.
Ina 'yar bakwai ya ɗora ni a kujerar matuƙi,
ya nuna mini allo mai kore-kore, ya ce,
"Ba kifi kike gani ba.
Kifi ruwa ne a cikin ruwa, sauti ya ratsa shi ya wuce.
'Yar jakar iskar da ke cikinsa,
ita ke amsa kira, ita ke tona masa asiri."
Hannunsa yana warin gishiri da man inji.
Ban san ranar aka ba ni sana'a ba.

Ran Talata suka kwantar da shi a gefen hagu.
Likita ta shafa masa mai mai sanyi a ƙirji, ya yi tsaki.
Allo ya nuna ɗaki huɗu, duk a duhu.
Ta ce za ta sa masa kumfa a jijiya.
Ya juyo ya ce, "Taki ce?"
Na ce a'a, Baba, ta kamfani ce,
tawa ko ɓera ba a ba ta ba tukuna.

Muka jira. Bugu shida, bugu bakwai.
Sai haske ya shigo ɗakin dama
kamar dusar ƙanƙara ta sami taga a buɗe,
ya fita, ya zaga ta huhu, ya dawo ɗakin hagu,
bango ya fito sarai, yana matsewa, yana saki.
Tsohon ya ɗaga kai daga matashi.
"Ga su nan," in ji shi, "garke guda. A saki taru."

Likita ba ta yi dariya ba.
Idonta na kan wani lungu can ƙasa
inda bangon ya tsaya cik, bai motsa ba.
Ni ma na gani.
Shi ma, ina jin, ya gani,
mutumin da ya san inda teku ba ta da kifi.

Minti goma, kumfa ta narke,
ya fitar da ita a numfashi bai ma sani ba,
yana tambayar ko an bar masa shayinsa.

Yanzu asuba ta kusa.
Na ɗauko kwalbar jiya na ƙirga:
a cikin ɗari, goma sha tara suka kwana.
Makon jiya sha ɗaya ne.
Na rubuta a littafi, na ja layi a ƙarƙashi.
Tsuntsayen teku sun fara faɗa a kan rufi.
Na goge bakin allura,
na sake kai hannu kan wuta.