Gwiwar da Ido Ba Ya Gani

Asuba a Kirkby Stephen, ruwa bai ɗauke ba tun jiya.
Alderson ya riƙe mini tocila, bai ce uffan ba.
Saniyarsa mai lamba ɗari huɗu da sha biyu
tana tsaye da ƙafa uku,
ta huɗun na taɓa siminti da bakin kofato
kamar mai gwada zafin ruwan wanka.

Ya haska ƙasa, inda ƙafar ta lanƙwashe baya.
Na ce a'a, wannan dunduniya ce.
Gwiwar saniya tana sama, jikin kwiɓi,
a binne cikin tsoka, maƙwabciyar hantsa.

Na ɗora tafi. Zafi. Kumburi.
Nan ƙashin cinya ke saukowa da kawuna biyu masu sulɓi,
ƙashin ƙwauri ya shimfiɗa masa faifai.
Tsakaninsu guringuntsi biyu, kowanne jinjirin wata,
gammo ne, kada dutse ya ci dutse.
Ƙoƙon gwiwa a gaba yana hawa da sauka a kwarinsa,
jijiya uku ke riƙe da shi,
mu 'yan Adam ɗaya tak aka ba mu.
Can ciki, inda yatsa ba ya kaiwa,
wasu biyu sun gitta juna
cikin ruwa mai yauƙin kuɓewa.

Shekara biyar na yi ina haddar sunayensu da Latin.
Babana bai san ko ɗaya ba.
A mahautar Talata Mafara
yakan sa tsinin wuƙa nan, daidai nan,
murɗa ɗaya, cinya ta rabu da ƙwauri,
kaifi bai ko gaisa da ƙashi ba.
Yakan ce, gatari na wanda bai san ƙofa ba ne.
Ni ina gefe da tasa, 'yar shekara tara,
ina korar ƙuda, ina satar kallo.

Na ce a ja ta gaba. Taki ɗaya.
Ƙas! cikin tafina.
Ƙwauri ya zame kamar durowar tebur.
Ta gaban ta tsinke.
Kilo ɗari bakwai, a kan igiyar
da ba ta fi babban yatsana kauri ba.

Alderson ya dubi takalmansa.
Cikinta wata bakwai, ya ce. Za ta kai?
Na ce a raba ta da garke,
a zuba mata karan alkama har gwiwata,
ga allurar zafi, kada ta ƙara ganin siminti.
Wataƙila ta kai. Bayan nan
mun san motar da za ta zo, ni da shi.

Baba, ƙofar nan da kake buɗewa da murɗa ɗaya
na ƙetare teku don in koyi rufe ta.
Yau na tsaya a bakinta, hannu rabbana.

Na wanke hannu a bokiti mai sanyin ƙanƙara.
Ita kuwa ta juyo da kai, ta dube ni,
ta ci gaba da tuƙa.