Ragula Bahaguwa

Sunanta Regula, bakinmu ya lanƙwasa shi,
muka ce Ragula, ko da yake ba raguwa ba ce.
Aikin famfo ya kawo ta Damagaram daga Suwis,
tana auna ruwan da ba ya zuwa,
tana ɗingishi tsakanin Birni da Zango
da takardu a hammata.

Bayan ofishinsu akwai daɓen siminti
da ake shanya gyaɗa a kai.
Wata Lahadi ta ja masa layi da farar ƙasa,
ta ɗaure tsohon gidan sauro a turaku biyu,
ta fito da wani abu kamar rariya mai mariƙi.
Ina tallar ƙanƙara, shekarata sha ɗaya.
Ƙwallon ta gangaro ta taɓa kulata,
rawaya, mai gashi, kamar ɗan tsako.
Na miƙa mata. Ta ce: a'a, jefo.

Ƙidayar wasan ce ta fara ba mu dariya:
sha biyar, talatin, sai arba'in.
Manzo mai tireda ya ce
wanda ya ƙirga haka a kasuwar Dole
kafin la'asar ya karye.

Labarinta guntu-guntu muka tsinta,
kamar kaji a masussuka.
Tana da shekara biyar, bangon gareji ne abokin karawarta,
shi ba ya gajiya, ba ya kuskure.
Sha shida ta bar lakwal.
Daga nan jirgi, masauki, jirgi,
birane ɗari, ba ta san komai nasu ba
sai fili da rufin ɗaki.
Sunanta a jeri yana hawa yana sauka kamar guga,
ya kai na sittin da uku, igiya ta ƙare.
Sau ɗaya ta kayar da wata gwana,
jarida ta buga hotonta baki buɗe,
washegari wata 'yar ƙarama ta sallame ta cikin awa guda.
Sai gwiwa. Wuƙar likita sau uku.
Ta ɗage siket ta nuna mana tabon,
na ce dukawan garinmu sun fi su iya ɗinki.
Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ashirin da bakwai aka ce ta tsufa.

Na ce: to, me kika samu?
Ta nuna ɗan kofin azurfa a kan tebur,
wanda take zuba sukari a ciki,
kiyashi na zagaya rubutun jikinsa.
Ta ce: wannan, da hannun hagu mai kauri,
da sanin cewa ƙwallon da ta wuce ta wuce,
ki dubi mai zuwa.

Amma na taɓa ganinta bayan magariba,
ba kowa, ba ƙwallo,
ta jefa iska sama, ta miƙe a kan yatsu,
ta doke ta da dukan jikinta,
ta tsaya tana jiran amsa daga wancan gefe.
Na ɓuya bayan dutse. Ban taɓa faɗa mata ba.

Damina uku ta yi, kwangila ta ƙare.
Ta bar mini rariyar da ƙwallo huɗu masu sanƙo.

Yanzu na girme wa shekarun da ta zo da su.
Daɓen ya zama tashar kabu-kabu.
Ina koyar da motsa jiki a wata lakwal a Garin Malam,
zaren da ya tsinke na maye shi da na masunta.
Jiya Barira ta doko wata da hagu,
ta wuce kunnena da fito,
ta tsallake katanga ta faɗa tukunyar mai wake.
Muka biya dala ashirin.
Na ce: sha biyar gare ki. Sake jefo.