Kunne Mara Ƙofa

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke taka kafaɗar juna don leƙen teku,
Eduvigis Quilodrán na da shago
wanda mutum uku ke cika shi.
Nan na kai jitata ran Talata, ana yayyafi.

Na ce mata, "Gunaguni take.
Ko ban taɓa ta ba, sai ƙugi,
kamar zuma ta yi gida a tulu."

Ta jona ta da akwatin sauti. Muka kasa kunne.
Zuuuu.
Ta juya wuyanta wajen taga, ƙugin ya yi ƙiba:
a ƙasan tudu motar lantarki na jan sandunanta bisa waya.
Ta juya ta wajen firji, ya sauya murya.
"Ɗora yatsa a tsirkiya."
Na ɗora, ya lafa.
Na ɗauke, ya dawo kamar mai bin bashi.

"Ka ji ko, Baltasar?
Garin nan duk surutu yake,
fitila, firji, wayar cikin bango,
jitarka kuwa kunne ce mara ƙofa.
Kai ma da hannunka a ciki:
jikinka na kwasar hayaniya
kamar yadda wando ke kwasar ƙarangiya."

Kusoshi goma sha ɗaya ta kwance,
ta tara su a murfin kwalba.
Ciki katako ne tsirara, da ƙura,
da wata siririyar waya baƙa
da ta saki gadar tsirkiya, Allah kaɗai ya san yaushe.

Ta shimfiɗa tagulla a ramin, falle bisa falle,
kowane na riƙe da gefen ɗan'uwansa,
tana dannawa da farce har lungu.
Bakin fallen ya yanke ta. Ta tsotse jinin, ba ta tsaya ba.
Dalma ta narke, hayaƙi ya miƙe siriri.
Duk baƙaƙen wayoyin ta haɗa su wuri guda.
"Hanya ɗaya zuwa ƙasa," in ji ta.
"Ka ba hayaniya hanya biyu,
sai ta kwana tana zagaye."

Ta taɓa mita nan, ta taɓa can.
Ƙit. Ƙit. Ƙit.
Ta rufe, ta murɗa ƙara har ƙarshe.

Ba kome.
Har na ji jirgin ruwa na kuka a tasha,
na ji ɗigon ruwa a kan kwano,
na ji numfashina.

Na kaɗa.
Yatsana na uku ya sauka a makare,
sautin ya fito tsirara, ba inda zai ɓuya.
Shekara tara ina ɗora wa gunaguni laifi.

Eduvigis na ɗaure yatsanta da ƙyalle.
Ba ta ɗago kai ba.
"Wannan," ta ce, "tagulla ba ta maganinsa.
Biya ni, ka je gida ka koya."