"Da Sauƙi" Ba Rahoto Ba Ne

Ƙarfe huɗu, ɗakinmu na bayan tankin ruwa
a asibitin Daura.
Fanka ta tsaya. Wayar aiki na shan caji a batirin mota.
Littafin sallama a buɗe: mutum bakwai
da muka wanke wa goshi, muka haska wa ido,
muka ce su tafi gida, za mu kira.
Gida ba shi da ma'aunin jini.
Kunne kawai gare mu, da waya mai tsagaggen gilashi.

Na ce wa Hajaru, sabuwar nas da aka turo mini:
matso da kujera,
yau ke za ki kira, ni zan saurara.

Ta fara da Ɗanlami magini,
wanda bulo ya suɓuce daga katanga ya same shi a ƙeya.
"Yaya jiki?"
"Da sauƙi."
Ta ɗaga biro za ta ja layi. Na dafe hannunta.

'Yar nan, mutanenmu ko ana haƙa musu kabari
ki tambaye su jiki, da sauƙi za su ce.
Gaisuwa ce. Ladabi ne.
Bar jiki, tambayi tuwo:
ya ci? Ya zauna, ko ya dawo?
Tambayi rana, ko tana sukar ido.
Nemi matarsa: ya rikice a raka'a?
Da asuba kira ɗaya ya tashi
ko sai da aka jijjiga shi kamar buhun gero?
Matashin da ya kwana a kai, a bushe yake?

Ɗanlami ya cinye kwano biyu. Muka ja layi.

Sagir kuwa, ɗan shekara tara da ya faɗo daga darbejiya,
lambar mai shayin unguwarsu aka ba mu.
Muka jira aka aika, muna jin cokali na kaɗa madara,
har uwar ta iso tana haki:
yana waje, ya hana kaji sakat.
Hajaru ta yi dariya. Na bar ta, ta cancanta.

Na biyar Malam Ilu ne, can wajen Sandamu,
babur ya kayar da shi a yashi jiya da hantsi.
Sabis na zuwa yana ɗaukewa,
ɗansa ya hau kan juji kafin mu ji su.
"Ina wuni," in ji Malam Ilu. Muka amsa.
"Ina wuni."
Can kuma, a hankali, kamar mai laluben ƙofa cikin duhu,
"Ina wuni."

Hajaru ta kalle ni. Ban ce komai ba.
Muryarta na rawa, amma ta tambaya: ya yi amai?
Sau biyu, in ji ɗan. Gajiya ce.
Gobe kasuwa, motoci za su fito, sai mu zo.

Nan na karɓi wayar.
Yaro, jinin da ke taruwa a ka bai san ranar kasuwa ba.
Kada a ba shi fura, kada a ɗora shi a babur,
kada ka bar gefensa.
Ga mota nan tafe.

Na tura masinja ya taso Bishir direba daga inuwa,
na kira likita, na rubuta takardar Katsina,
inda za a ɗauki hoton kai.
Hajaru na riƙe da ɗan a layi,
tana sa shi ƙirga numfashin ubansa da ƙarfi
har ƙarar mota ta shigo cikin wayar.

Sauran biyun sai bayan magariba muka kira su,
da fitilar waya a kan littafi.

Kwana huɗu. Na shigo da safe
na tarar ta riga ni, waya a kunne.
Daga nesa na jiyo muryar tsohon, a shaƙe:
"Da sauƙi, 'yata."
Ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba.
To, me kuka karya da shi yau?"

Na rataye jakata, na tafi duba ɗakin maza.