Daren Lahadi a Grimsby

Ƙarfe takwas, gidan tsofaffi.
Na gama rabon magani, na ɗauraye kofuna,
na jera su a falo, keke gefen keke,
mutum tara, bargo a gwiwa,
sahu guda gaban talabijin kamar masu jiran liman.

A waje ruwa ne, irin na garin nan,
bai zuba ba, bai ɗauke ba,
tsaki kawai yake yi a jikin taga.

Daji ya buɗe. Ciyawa ja, rana tsaka.
Dattijon mai bayani na magana ƙasa-ƙasa
kamar mai gudun tashin jariri.
Ga barewa da ɗanta.
Ga zakanya a laɓe, kafaɗa ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Edna ce ta fara: "Gudu, 'yar nan, gudu!"
Ita da rabonta da taka ƙasa shekara huɗu,
ga ƙafarta na rawa ƙarƙashin bargo.
Maureen ta rufe ido da hannu biyu
ta bar 'yar kafa tsakanin yatsu.
Dennis kuwa, tsohon mahauci, cewa ya yi,
"Ita ma da baki uku a gida.
Wa zai ba su? Gwamnati?"
Aka yi masa caa.

Da ƙura ta lafa, Edna ta juyo kaina:
"Shi mai ɗaukar hoton, tsaye yake yana kallo?
Ko dutse ba zai jefa ba?"
Sannan, "Kobra,"
(Kubura nake, na dai gaji da gyara)
"haka kuke fama a can gida?"

Me zan ce?
Ni da na tashi bayan tashar mota a Zariya,
namun dajinmu ɓera ne da gafiya,
sai akuyar maƙwabta mai cin sabulu.
Zaki sau ɗaya na gani, da sallah, a gidan zu na Kano,
kwance, ƙuda na bin idonsa,
haƙarƙari kana iya ƙirgawa.
Na ce, "Wani lokaci." Na gyara mata filo.

Akwai abin da ba su ji ba.
Can bayan muryar dattijo, bayan kiɗan da aka ɗora,
kurciya ce ke kuka.
Ba a nuna ta ba, ba a ambace ta ba.
Kukan nan dai na bayan azahar,
sa'ad da Inna ke baje tabarma gindin darbejiya
tana tsintar shinkafa, tana gyangyaɗi.
Na tsaya da tire a hannu
har shayin Maureen ya huce.

Sai aka koma teku.

Clifford rabonsa da magana tun kafin Kirsimeti.
A baki ake ba shi abinci.
Ɗansa ya zo ya tafi, bai gane shi ba.
Shekara talatin ya yi a jirgin kamun kifi,
hannunsa har yau kamar ɓawon itace.
Ƙaton kifin nan mai feshin ruwa ta ka
ya ɗago wutsiya, ya nutse,
Clifford ya miƙa yatsa.
"Arewa da Iceland," ya ce. "Na gan shi. Ya fi wannan."
Falo ya yi tsit. Har Dennis.
"Ya fi wannan," ya sake, yana kallona
kamar ni ce zan musa.

Ban musa ba.

Ƙarfe tara, sunaye suka hau sama.
Edna ta riƙe hannun rigata: ɗan barewar fa, ya tsira?
Na ce ya tsira. Allah ne masani.
Dennis ya ce ko da sauran biskit.
Na tura su ɗaki ɗaya bayan ɗaya, na rage fitila.

A takardar rahoto, gefen sunan Clifford,
na rubuta: Ya yi magana, takwas da minti arba'in.
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gurbin da zan rubuta kurciya.