Shagon da Ban Taɓa Sharewa Ba

Ina da shago a Turkiyya,
ƙofarsa shuɗiya ce, in ji hoto.
Ni kuwa ga ni a Tudun Hatsi,
ƙaiƙayin riɗi a gemuna,
waya a hagu, carbi a dama.

Sun riga mu da awa biyu.
Kafin ladanin Bolari ya gyara murya
Bappayo ya sha shayinsa a bakin teku,
ya turo min takarda shafi tara
da harshen da ko gaisuwarsa ban iya ba.

Mahaifina ya kai shanu daga Dukku har Ikko,
shaidarsa musafaha da ɓarin goro.
Ni kuwa sai hatimi,
hatimi bisa hatimi,
da wani na uku mai rantsuwa
cewa na farkon bai yi ƙarya ba.

Suka ce a auna laimar riɗi. Na auna.
Suka ce maganin ƙwari kada ya wuce kaza,
na bi manoman Kumo gona gona
ina lallashi kamar mai neman ƙuri'a.
Suka ce kowane buhu ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa,
buhun da a nan gawayi kawai muke ja masa.
Harajinsu ba ya jiran kaka.

An ce in ka shiga gari ka ga kowa da jela,
nemi tsumma ka ɗaura.
To ni ban shiga garin ba,
daga nan nake ɗaura tawa,
da sabis mai zuwa yana komawa.

Dija ke zama kan buhu, kwamfuta a cinya,
tana zare min doka kamar ƙayar kifi.
"Baba, wannan sun canza ta tun watan jiya."
Na ce, yaushe? Wa suka gaya wa?
Ta ce, "Sun rubuta. Mu ne ba mu duba ba."

Ran wata Laraba kwantena ta tsaya a tasha.
Lasisi ya mutu da kwana huɗu.
Saƙon tuni ya zo, ba shakka,
ya tarar da waya a mace,
makon da taransifomar unguwa ta ƙone.
Kowace safiya kuɗin ajiya na ƙaruwa,
riɗina na kwance yana cin kuɗina.

Sai wani ya kira, murya kamar man shanu:
akwai gajeriyar hanya, Alhaji,
a ja kwanan wata baya kaɗan,
ba wanda zai sani.

Na yi shiru har ya ce, kana ji na?
Ina ji.
Sunana ne a takardar, gaskiya,
amma ni ina Gombe, ina cin tuwona.
Wanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa
ɗan ƙanwata ne,
da ta raka har tashar mota tana share ido da mayafi,
ta ce min, amana.

Na biya tara.
Kuɗin bijimai biyu, har da ɗan canji.
Daren nan ban ci abinci ba,
amma na yi barci.

Yanzu kalanda biyu ke bangon rumfata,
ɗaya ta bukukuwanmu, ɗaya ta wa'adinsu,
Dija ta zagaye ranakun da jan biro
kamar ƙurajen ƙyanda.
Maƙwabta na dariya, wai na zama akawu da tsufa.

Jiya bayan la'asar na ce, Bappayo,
juya min kyamara.
Ya nuna buhuna a jere, na ce ba su ba.
Ya nuna titi, da ruwan sama, na ce ba shi ba.
Bango, na ce.
Ga ta nan cikin gilashi, sabuwa,
ɗan karkace.
Na ce ya gyara mata zama,
ya kuma share bakin ƙofar nan.